Ruwa da Gishiri: Guzurin Mai Doguwar Tafiya Bisa Keke

Hausawa kan ce wa keke dokin ƙarfe. Ba ya cin dawa, ba ya cin harawa, ba a kai shi rafi da maraice. Amma kada wannan ya ruɗe ka, ya kai mai karatu, gama abin da doki zai ci ya sha kafin ya kai ka gari, kai ne ke biyansa daga cikin jikinka in ka hau keke. Mota tana da tankin ruwa, direba kuwa ba ya tashi sai ya duba shi. Mai keke shi ne direba, shi ne inji, shi ne kuma tankin.

Tun ran 29 ga watan Mayu 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na babur suka hau. Mutane da yawa suka shiga zaure suka sauko da tsohon Raleigh ko Phoenix, suka kai wa mai faci ya gyara, suka koma hawa. Waɗansu gona su ke zuwa, waɗansu kuwa cin kasuwa, da buhu ɗaure a kariya. Ka ɗauki misalin wanda zai tashi daga Gwandu ya nufi Kalgo. Ko da a miƙe za a bi, kamar yadda tsuntsu ke tashi, tsakaninsu ya kai wajen mil 30, watau kilomita 50, bisa hanya kuwa ya fi haka. Mutum mai kaya a bayansa zai yi sa'a huɗu ko biyar yana taka feda. Cikin sa'o'in nan akwai abin da ke fita daga jikinsa wanda in bai mayar da shi ba zai gaji tun bai yi rabin hanya ba. Ran da rana ta yi tsanani kuwa, abin ya kan wuce gajiya, ya kai ga rai.

DALILIN GUMI

Ka taɓa lura da ruwan randa? Ka zuba ruwa a randa, ka zuba wani a bokitin ƙarfe, ka ajiye su ɗaki guda. In ka komo da azahar za ka tarar na randa ya yi sanyi, na bokiti kuwa yana nan da ɗuminsa. Dalili shi ne randa tana tsatsafo. Ruwa kaɗan kaɗan yana ratsa jikinta ya fito waje, iska ta busar da shi. Ruwa kuwa ba ya bushewa sai ya tafi da zafi, sabo da haka duk ɗigon da ya bushe a bayan randa ya rage zafin da ke cikinta. Haka salkar Buzu ta ke yi, haka kuma Allah ya shirya fatar ɗan Adam.

Jikinka yana son ya zauna a zafi guda, wajen digiri 37 a ma'aunin likita. To, naman cinyarka in yana aiki kamar murhu ya ke. Masana sun auna, sun ga in aka kasa ƙarfin da mai keke ke ƙonawa kashi huɗu, da ƙyar kashi ɗaya ke tafiya wajen juya taya. Sauran ukun zafi ne kawai, kuma tilas ya fita. Jini ya kan kwaso zafin nan daga ciki ya kawo shi ga fata, fata ta yi gumi, iska ta busar. In iska ta fi jikinka zafi, kamar yadda a kan yi a ƙasar Kebbi cikin watan Afrilu sa'ad da ma'auni ke wuce digiri 40, ba wata ƙofa da zafi zai bi ya fita sai ta gumi kaɗai.

Gumin nan kuwa daga jini a ke ɗibarsa. In aka kasa jikin namiji baligi kashi goma, wajen kashi shida ruwa ne. Mai nauyin kilo 60 yana ɗauke da ruwa kamar lita 36, watau kusan jarka biyu irin ta masu garuwa. Kana iya cewa ai wannan da yawa. Amma ba duka a ke taɓawa ba. In ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum, ƙarfinsa ya kan fara raguwa. Ga mai kilo 60 wannan lita ɗaya ce da 'yan kai, ba ta kai leda uku ta fiyawata ba. Jini ya ragu, zuciya ta shiga bugawa da sauri domin ta cike gurbi, ƙafa ta yi nauyi, ɗan tudun da ka saba hawa ba wahala ya zame maka dutse.

Mai aikin ƙarfi cikin zafi ya kan zubar da gumi daga rabin lita zuwa lita biyu ko wace sa'a, gwargwadon jikinsa da saurinsa da kayan da ya ɗauko. Mu ɗauki lita ɗaya, tsaka-tsaki. Sa'a huɗu daga Gwandu zuwa Kalgo lita huɗu ke nan, leda takwas. Yanzu ka tuna 'yar butar da yawancin mutane kan rataya a kan keke, ka gwama.

Akwai wata yaudara da keke ke yi wadda noma ba ya yi. Manomi in ya duƙa yana ganin gumi na ɗiga daga goshinsa, ya san ya zubar. Mai keke kuwa iska tana dukansa ko yaushe, tana busar da gumin tun bai taru ba, sai ya ji wasai, ya zaci bai yi gumi ba. Lokacin hunturu abin ya fi muni, gama iskar ta bushe ƙayau, ga sanyi da ke kashe ƙishirwa, ga ruwa na fita ta numfashi. Da damina kuwa akasin haka ne. Iska ta riga ta ƙoshi da laima, musamman a gefen fadama, gumi ba ya bushewa sai dai ya tsiyaye ƙasa. Gumin da ya tsiyaye hasara biyu ne, ruwa ya tafi, sanyi bai samu ba.

GISHIRIN DA KE CIKIN GUMI

In ka sauka daga doguwar tafiya, tuɓe rigarka ka duba bayanta da bakin hularka. Za ka ga wani farin zane kamar an zuba gari. Ka lasa, za ka ji gishiri ne.

Mutanen ƙasar Gwandu ba baƙin wannan al'amari ba ne. A shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Da ya tashi ya yi yamma, ya ratsa kwarin Foga, wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Nijar, ya ga yadda a ke yin gishiri can. A kan kankaro ƙasa, a zuba ta cikin mataci na ciyawa, a kwarara ruwa bisa, ruwan ya tsiyayo da gishiri a cikinsa, sa'an nan a dafa shi har ruwan ya ƙone, gishiri ya saura. Fatake suka daɗe suna kawo gishirin nan kasuwannin Kebbi. To, abin da wuta ke yi wa ruwan Foga shi rana ke yi wa guminka. Ruwan ya tashi, gishirin ya zauna a riga.

Gishirin da mu ke sa wa miya abu biyu ne haɗe, masana na kiran ɗaya sodiyam, ɗaya kuma kulorayid. Bayan su akwai wani da a ke kira fotasiyam, da waɗansu 'yan kaɗan. Dukansu narke su ke cikin jini. Da su jijiya ke aika saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa, da su nama ke ɗamewa ya saki, har zuciya ma da su ta ke bugawa. Sodiyam yana da wani aiki kuma, shi ke riƙe ruwa cikin jini. Inda ya tafi nan ruwa ke binsa. A cikin gumi shi ne ya fi fita nesa ba kusa ba, fotasiyam kaɗan ne.

Mutane sun bambanta ƙwarai wajen wannan. Wani guminsa lami ne, wani kuwa har idonsa ke yaji. Tsaka-tsaki dai, lita ɗaya ta gumi tana tafiya da gishiri wajen giram biyu da rabi. Lita huɗun nan tamu ta hanyar Kalgo giram 10 ke nan, kusan cokalin shayi biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutumin da ke zaune kada ya wuce giram 5 a yini. Ka ga ke nan mai keke ya zubar da na kwana biyu tun bai ga azahar ba.

Amma jiki yana da dabara. Wanda ya yi kwana goma zuwa mako biyu yana aiki cikin zafi, jikinsa ya kan saba, ya riƙa fara gumi da wuri, gishirin da ke ciki kuwa ya ragu. Shi ya sa wanda ke zuwa kasuwa bisa keke ko wane mako ya fi ƙarfin hanya bisa ma'aikacin ofis da ya shekara ƙarƙashin fanka, ko da ma'aikacin ya fi shi ƙiba da ƙuruciya. In ka daɗe ba ka hau ba, kada ka fara da tafiyar yini.

A Ingila aka fara gane muhimmancin gishirin nan sosai, a wurin masu haƙar kwal. Ramukansu na da zurfi da zafi, su kan yi gumi kamar an tsamo su daga kogi, su sha ruwa da yawa, sa'an nan naman ciki da na ƙafa ya ɗaure musu har su faɗi. A 1923 wani malami mai suna K. N. Moss, na jami'ar Birmingham, ya bayyana abin da ya gani a ramukan nan. Aka gwada sa ɗan gishiri cikin ruwan da su ke sha, aka ga sauƙi. Likitocin yanzu sun ƙara da cewa ba ko wace ɗaurewar nama ce daga rashin gishiri ba. Sau da yawa gajiya ce kawai, naman ya yi aikin da bai saba ba. Sabo da haka in sha-raɓarka ta ɗaure, sauka ka miƙe ƙafar, ka jawo yatsu wajenka, ka huta, sa'an nan ka sha abin da za ka sha.

KUSKURE IRI BIYU

Akwai masu cewa shan ruwa a hanya ragwanci ne, yana saukar da jiki, namiji sai ya daure. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. A Faransa akwai tseren keke mafi girma a duniya, wanda aka fara a 1903, a kan yi mako uku ana zaga ƙasa. Shekaru da yawa manyan mahayansa sun gaskata ruwa na rage gudu, dokar tseren kuma ta ƙayyade abin da a ke ba mahayi, wajen lita biyu. Ran 13 ga watan Yuli 1967, wani Bature ɗan Ingila, Tom Simpson, wanda ya ci gasar duniya a 1965, yana hawan wani ƙwarƙwarar dutse da a ke kira Ventoux cikin rana mai tsanani, sai aka ga kekensa na tangaɗi. Ya faɗi, aka ɗora shi, ya ɗan taɓa gaba ya sāke faɗuwa, bai ƙara tashi ba. Shekararsa 29. Da aka bincika aka tarar ya sha ƙwayoyin hana gajiya da barasa, ga zafi, ga ƙarancin ruwa. Ƙwayar ta toshe masa kunne, bai ji kiran da jikinsa ke yi ba.

Na faɗi wannan ne domin irin ƙwayoyin nan ba su yi mana nisa ba. Tiramadol da 'yan'uwanta suna ɓoye gajiya ne, ba su maido ko ɗigon ruwa. Haka kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, in aka sha su jiki a bushe, suna iya yi wa ƙoda lahani, gama a lokacin nan jinin da ke isa gare ta ya riga ya ragu.

Kuskure na biyu ya fi ban mamaki, kuma kaɗan ne suka san shi. Mutum na iya cutuwa da yawan shan ruwa. Ka ɗauki tukunyar miya, ka riƙa kwasa kana zubarwa, kana cika ta da ruwa zalla. In an jima sai ta zama lami. Haka jini ya ke in gumi na fitar da ruwa da gishiri, kai kuwa kana ɗura ruwa zalla fiye da abin da ya fita. Ƙoda ko tana hutawa ba ta iya fitar da abin da ya wuce kamar lita ɗaya a sa'a, lokacin aikin ƙarfi kuwa ba ta ma kai haka. In jini ya tsinke, ruwa ya kan ratsa cikin ƙwaƙwalwa ta kumbura, ita kuwa cikin ƙoƙon kai ta ke, ba ta da wurin buɗawa. Sai ciwon kai, da amai, da ruɗewa, har da farfaɗiya.

Likita Tim Noakes na Afirka ta Kudu da abokan aikinsa su suka fara bayyana wannan ga masu dogon tsere, a 1985. A tseren gudu na birnin Boston ta Amurka na 2002, mai tsawon kilomita 42, likitoci suka auna jinin mutum 488 bayan sun gama, suka tarar 13 cikin ko wane 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne waɗanda suka gama tseren nauyinsu ya ƙaru maimakon ya ragu. A ƙasarmu, inda ruwa ke wuya a hanya, kuskuren farko ya fi yawa. Amma ka san na biyun, domin alamunsu na kama da juna, maganin ɗaya kuwa guba ne ga ɗayan.

ABIN DA ZA KA SHA

In tafiyarka ba ta wuce sa'a ɗaya ba, ruwa zalla ya isa, gishirin miyar dare zai biya sauran. In ta kai sa'a biyu ko fiye, cikin zafi, sai a nemi gishiri da ɗan zaƙi.

Me ya kawo sukari? A 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata irin ƙofa wadda ba ta buɗewa sai sodiyam da sukari sun zo tare. In suka shiga, ruwa ya bi bayansu zuwa cikin jini. Wannan ilmi ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a ƙasar Indiya, ruwan da a ke ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari cikin ganguna ana ba mutane da kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Shi ne ruwan gishiri da sukari da aka yi ta koya wa mata a asibitocinmu zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Abin shan nan mai launi da 'yan wasa ke sha, irin Gatorade da aka ƙago a jami'ar Florida a 1965, asalinsa ke nan, ruwa da gishiri da sukari. Sauran duk kwalba ce da tsada.

Ga yadda a ke haɗa na gida. Ka sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau leda biyu ta fiyawata, gama galibi ko wace ɗaya rabin lita ce. Ka sa sukari cokalin shayi shida, gishiri rabin cokali, ko wane a shafe bakinsa da yatsa, ba a tsorora ba. Wannan awon na mai gudawa ne. Mai keke wanda zai ci abinci a hanya, rubu'in cokali na gishiri ya ishe shi. Ka ɗanɗana. In ya fi hawaye gishiri, ya yi yawa, ƙara ruwa. In kana da lemun tsami ko ruwan tsamiya ka matsa kaɗan, zai yi daɗin sha. Abin da ya kwana ka zubar, ka haɗa sabo. Akwai kuma ƙunshin ORS da a ke sayarwa a kemis, wanda a ke narkawa cikin lita ɗaya, shi har fotasiyam gare shi. Kada ka watsa gishiri a baki tsagwaronsa, zai tayar maka da zuciya ya ƙara ƙishirwa. Kada kuma ka ce kanwa za ta maye gurbinsa don ita ma daga ƙasa a ke haƙo ta. Kanwa dabam, gishiri dabam.

A ganina ma, wanda ya iya cin abinci a hanya bai faye bukatar haɗi ba. Kakanninmu fatake sun yi Gwanja a ƙasa ba su san sunan sodiyam ba, amma sun san fura da nono, sun san ƙuli-ƙuli da kilishi. Fura tana ba ka ruwa da ƙarfi tare, sai dai gishirinta kaɗan ne, sabo da haka ka haɗa ta da abu mai gishiri, ko ƙosai da yaji, ko gyaɗa mai gishiri. Dabino da ayaba da lemo su ke maido fotasiyam. Lemun kwalba kuwa sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa bai taka kara ya karya ba, ya kan daɗe a ciki. In shi ka samu, sirka shi da ruwa. Goro ba ya busar da jiki kamar yadda waɗansu ke faɗi, in ba an yawaita ba, amma shi ma ba ruwa ba ne, ba abinci ba ne.

Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ciwon ƙoda ko na zuciya, wannan awo ba nasu ba ne sai sun ga likita tukuna.

SHIRIN HANYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daren jiya ka ci tuwo da miya sosai, ka sha ruwa. Da asuba, kafin ka tashi, ka sha kamar rabin lita, ko koko, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Ka duba fitsarinka. In ya yi fari-fari da ɗan rawaya, madalla. In ya yi ja kamar shayi, kuma kaɗan ne, ka tashi da bashi.

Ka tashi da sassafe, bayan salla, domin rana ta same ka ka ci rabin hanya. Da bazara, daga hantsi ya ɗaga sosai har la'asar ba lokacin tafiya ba ne, lokacin inuwa ne. Farar riga mai faɗi ta fi baƙa mai ɗamewa, malfa kuwa ta fi hula. Jarkarka ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ko buhun algarara, iskar tafiya za ta mai da ita randa.

Sha kaɗan kaɗan, maƙwarwa uku ko huɗu ko wane rubu'in sa'a, yadda zai kama rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a sa'a guda. Ba lalle ka maido duk abin da ya fita tun kana bisa sirdi ba, ciki ba ya iya karɓar haka. Abin nufi kada giɓin ya yi faɗi. In ka ji ƙishirwa sha, kada ka ce sai gari na gaba. In kuwa cikinka ya cika yana ƙugi, yatsunka sun kumbura, zobe ya matse, dakata da ruwa ka ci abu mai gishiri.

Kana iya sanin awon jikinka da kanka. Je wurin mai sikeli ka hau kafin tafiya, ka sāke hawa bayan ka sauka, da tufafi iri ɗaya. Ko wane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa. Ka maido ta da lita ɗaya da rabi, a hankali, daga saukarka zuwa dare, tare da abinci, domin wani kashi zai fita ta fitsari.

Ƙishirwa kuwa kada ta kai ka ga kududdufi. Kurkunu dai Allah ya raba mu da shi, a 2013 aka tabbatar babu sauransa a Nijeriya. Amma kwalara da taifot suna nan, gudawa kuma ita ce babbar mai kwashe ruwa da gishiri. Wanda ya kwana da gudawa ko zazzaɓi, ya ɗage tafiya.

Ga mai azumi, lissafin nan duka yana nan bai sāke ba, sai dai ba halin mayarwa kafin magariba. Shari'a ta yi wa matafiyi rangwame, amma da iyakar nisa da sharuɗɗa, wannan kuwa fagen malamai ne, ka tambaye su. In za ka hau da azumi a bakinka, ka yi sahur da fura da abu mai ɗan gishiri, ka yi tafiyar da sanyin safiya ko dab da faɗuwar rana, ka kuma rage kaya.

IN ABOKIN TAFIYARKA YA FAƊI

Jiki ba ya faɗuwa sai ya yi gargaɗi. Baki ya bushe, kai ya yi ciwo, jiri ya ɗebe ka in ka miƙe, zuciya ta tashi, tsikar jiki ta tashi alhali ana rana. Duk wanda ya ji haka ya sauka nan take, ya nemi gindin itace, ya kwanta ya ɗaga ƙafafunsa bisa kaya, ya sassauta tufafi, ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari. Yawanci cikin rabin sa'a zai ji dama. Ran nan kuwa kada ya ƙara hawa cikin rana.

Wanda ya fi wannan shi ne bugun zafi, sa'ad da zafin jiki ya wuce digiri 40. Alamarsa a hankali ta ke. Mutumin ya shiga sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi kamar mashayi, ko ya kasa gane inda ya ke, ko ya suma. Jikinsa zau kamar garwashi, ko da gumi ko babu. Kada a ce iska ce ta taɓa shi a tsaya neman turare. A ja shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwarara masa ruwa daga kai har ƙafa ana fifita da malfa ko faifai ba tsayawa. In da ƙanƙara kusa, a sa masa a wuya da hamata da matsematsi. Ruwan wanka ba sai mai tsabta ba, ko na fadama ne a kwarara. Sanyaya shi shi ne farko, tun kafin mota ta samu, a kuma ci gaba da yi cikin motar.

Wanda ba ya cikin hankalinsa ba a ɗura masa kome a baki, gama zai shaƙe. A kwantar da shi bisa haƙarƙarinsa domin in ya yi amai kada ya koma masa. A tsai da mota ta farko a kai shi asibiti mafi kusa, ko na Gwandu, ko na Kalgo, ko asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. In kun isa, ka gaya wa likita sa'a nawa ya yi bisa keke, ruwa nawa ya sha, zalla ne ko da gishiri, yaushe rabonsa da fitsari, da ko ya haɗiyi wata ƙwaya. Da wannan likita zai rarrabe ko ruwa ne ya ƙaranta ko gishiri, ya san irin ruwan da zai ɗaura masa.